Mantuwa bayan maganin sankarar mama: amsoshin Likita

Tambaya: Likita, gashina da ya zube lokacin kemo (allurar maganin sankara) zai dawo kuwa? Daga Gusau.

Amsa: Zai dawo in sha Allahu, cikin 'yan watanni bayan allurar ƙarshe.

Tambaya: Wata bakwai ke nan da na gama kemo, amma sai in zuba gishiri a miya in sake zubawa, ko ina tsakiyar magana kalma ta ɓace mini. Surukata ta ce sammu ne, ta kawo jiƙo, ta ce in daina shan tamoxifen. Daga Damagaram.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ki ajiye tamoxifen! Shi ke rage haɗarin dawowar ciwon, shi ya sa ake shan sa shekara 5 zuwa 10. Raina na ɓaci in na ga mace ta jure wahalar kemo, sannan kwalbar jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki ta mayar da ita baya.

Mantuwar nan sananniya ce. Kemo na jawo ta, haka ƙarancin jini, rashin barci, damuwa, da ɗaukewar al'ada da wuri. Kuma ana auna ta. Akwai gwajin MoCA, na kamar minti 10, maki 30: a ba ki kalmomi biyar ki riƙe a tambaye ki an jima, ki zana agogo, ki riƙa cire 7 daga 100. A Kanada aka tsara shi, don haka wadda ba ta yi boko ba kan samu ƙaramin maki alhali ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Wata kuma ta ci maki mai kyau, amma a gida tana neman wayar da ke hannunta. Ba ƙarya take ba. Shi ya sa muke haɗawa da tambayoyi kan yadda kike gudanar da harkokinki kullum, mu duba jini da maƙoƙo.

Yawanci abin na sauƙi a hankali cikin shekara guda, wasu ya fi haka. Je ki asibiti ki faɗa wa likitanki. In kuwa akwai ciwon kai mai tsanani da amai, farfaɗiya, ko shanyewar ɓari guda, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Tambaya: Matata ma na fama da wannan mantuwar bayan kemo. Me zan yi mata a gida? Daga Kumasi.

Amsa: Malam, ka daina yi mata faɗa kan mantuwa. Ka sa mata ƙararrawar shan magani a waya, ku riƙa ɗan tattaki da yamma, ka kuma raka ta asibiti ranar ganin likita.