Amsa kan tsakar nan mai jela kamar ganye

Malam, hoton nan da ka sa kana tambaya wai hawainiya ce ko dai haɗin kwamfuta ne, to ba ko ɗaya, tsaka ce ta gaske, dangin tsakar da ke bin bangon ɗakunanmu ce, Gekkonidae, sai dai zuriyarta daban, Uroplatus ake ce musu kuma duk duniya a Madagaska kaɗai suke. Na daɗe ina koyar da ilimin dabbobi, kuma kullum ɗalibai launi suke fara kallo, alhali launi ne abin da ya fi ruɗi a wajen waɗannan halittu, biyu daga jinsi ɗaya ma sai ka ga wannan ja-ja ce waccan ruwan ƙasa.

Taka ɗin Uroplatus phantasticus ce, wadda masanin dabbobi Boulenger ya fara bayaninta a 1888. Ƴar ƙarama ce, da jelar da komai wajen santimita 9, kuma ka duba saman idonta akwai ɗan tsini kamar ƙaho, ga jelar faffaɗa da gefe a gutsure kamar ganyen da tsutsa ta ci, wannan gutsurin an fi ganinsa a jikin maza. Ba ta da fatar ido, shi ya sa za ka ga tana lasar idonta da harshe. Da jelar ƴar guntuwa ce mai tsini da na ce maka ƴar'uwarta ebenaui ce.

Manyansu kuma wani sha'ani ne, fimbriatus tana kai santimita 30, ita ba ruwanta da ganye, jikin bishiya take mannewa da rana kanta ƙasa, ga wata fata mai geza a gefen jikinta da haɓarta da ke shafe inuwarta gaba ɗaya, wallahi sai an nuna maka da yatsa. Sikorae da sameiti kuwa sun yi kama sosai har sai an buɗa baki, ta farkon cikin bakinta baƙi ne, ta biyun launin nama. Haka finaritra da aka bayyana a 2019 daga dajin Marojejy, jan bakinta na cikin abin da ya raba ta da taka.

Ostireliya ma suna da masu jelar ganye, Saltuarius da Phyllurus, amma dangi daban ne, Carphodactylidae, yatsunsu sirara ne masu farce, babu faffaɗan tafin nan na mannewa. Wanda ya ce a ƙarƙashin hoton nan zai sayo ya kiwata, Uroplatus duk suna ƙarƙashin dokar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji, sai da takarda, kuma dabbar daji mai sanyi da laima ce, zafin Maris na Kano ba zai bar ta ba.