Filin Tambayi Likita: Yadda Ake Auna wa Yaro Magani Idan Ciwo Ya Zo da Gaggawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara biyu ya yi zazzaɓi mai zafi har ya fara taune-taune. Da muka isa asibiti, maimakon a yi masa allura nan take, sai da aka ɗora shi a sikeli. Raina ya ɓaci. Ba ɓata lokaci ba ne wannan? Kuma a gida ni da cokalin shayi nake ba shi farasitamol. Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya. Ma'aikaciyar da ta auna shi ta yi daidai, kuma aikin bai kai minti ɗaya ba. Maganin yara da nauyin jiki ake lissafa shi, miligiram kaza a kowane kilo, domin yara biyu sa'o'in juna ɗaya na iya kai kilo 13, ɗayan kilo 9. Maganin da ake tsayar da taune-taune da shi, Diazepam, idan ya yi yawa numfashin yaro yake dannewa, idan ya gaza kuma jijjigar ba za ta tsaya ba.

Mu ɗauka ɗanki kilo 12 ne. Farasitamol miligiram 15 ake ba kowane kilo, nasa ya zama 180. Sai ki duba jikin kwalba. Idan an rubuta 120mg/5ml, wato miligiram 120 a mililita (mil) 5, mil 7.5 zai sha. Amma akwai na ɗigawa da ake yi wa jarirai, mai miligiram 100 a mil ɗaya kacal. A wannan mil 1.8 ne rabonsa. Uwar da ta saba da mil 7.5 ta zuba daga ƙaramar kwalbar nan ta ɗura wa ɗanta miligiram 750, sama da ninki huɗu, kuma hanta ce ke ɗaukar wahalar. Kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana, tsakani aƙalla awa huɗu zuwa shida. Ki kuma karanta maganin mura da aka haɗa miki a kyamis, da yawansu da farasitamol a ciki.

Cokalin gida kuwa a bar shi ga shayi, don kowane da girmansa. Ki sayi sirinji ki cire allurar, ki ja maganin zuwa layin da aka nuna miki, ki matsa a hankali ta gefen kumatu. Idan taune-taune ya sake zuwa, ki kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko magani yana cikin jijjiga, shaƙewa zai yi.

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti a wajen gari. Da damina ana kawo mana yara masu maleriya mai tsanani, kuma kafin a kai su asibitin koyarwa na Shika akwai tafiya. Ina so a warware mini lissafin Artesunate da Diazepam. Daga wani Malam a yankin Giwa.

Amsa: Malam, sannu da aiki. Mu ci gaba da yaron nan mai kilo 12.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi Artesunate, allurar maleriya mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai 20 ko ya wuce kuma 2.4. Har yau ana samun masu yi wa ƙananan yara lissafi da 2.4, maganin ya gaza. Na yaronmu miligiram 36 ne. Kwalbar mai miligiram 60 gari ce: a fara zuba mata mil 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ta yi garau. Idan ta jijiya za a ba shi, a ƙara mil 5 na ruwan gishirin asibiti, kowane mil ya zama miligiram 10, yaron ya samu mil 3.6. Idan a tsoka ne, mil 2 za a ƙara, kowane mil ya zama miligiram 20, rabonsa mil 1.8, a gaban cinya. A nan ake tuntuɓe: mutum ya yi haɗin tsoka amma ya ja adadin jijiya, ya ninka maganin bai sani ba. Ana maimaitawa bayan awa 12, sannan a awa 24. Abin da aka haɗa ya wuce awa ɗaya a zubar, kada a ajiye wa yaro na gaba don tsimi.

Diazepam ta dubura miligiram 0.5 ne a kowane kilo. Kwalbar miligiram 10 ce a mil 2, saboda haka mil 0.1 ne a kowane kilo, nasa mil 1.2. A ja da ƙaramin sirinji, a cire allurar, a shigar santimita 4 zuwa 5, a matse ɗuwawun na ɗan lokaci kada ya dawo. Idan bayan minti goma jijjigar ba ta tsaya ba a sake sau ɗaya, daga nan an rufe, sai wani maganin. Abin hura numfashi ya kasance kusa da hannu. Jaririn da bai kai sati biyu ba wani maganin taune-taune, Phenobarbital, ake ba shi maimakon Diazepam.

Kada a manta da sukarin jini, domin faɗuwarsa ita kanta tana jawo taune-taune da suma. A ba shi Dextrose, wato ruwan sukari na jijiya, mai kashi 10 cikin ɗari, mil 5 a kowane kilo, wato mil 60. Idan mai kashi 50 kaɗai ke cikin kabad, a surka kashi ɗaya da kashi huɗu na ruwan allura: mil 12 da mil 48. Idan aka tura shi tsantsa ƙona jijiya yake yi.

Duk abin da aka ba yaro a rubuta a takardar da za ta bi shi: nauyinsa, miligiram nawa, ƙarfe nawa. Likitan da ya karɓe shi a Shika, idan aka ce masa kawai “an yi masa allura”, yana iya ƙara Diazepam na uku.

Tambaya: Idan babu sikelin yara fa, ko yaron ba zai ajiyu ba? Daga ɗalibar aikin jinya a Samaru.

Amsa: Uwar ta hau sikelin manya da shi a hannu, ta sake hawa ita kaɗai, a debe. Idan babu sikeli sam, ga ɗan shekara 1 zuwa 10 a ƙara 4 a kan shekarunsa a ninka biyu: ɗan shekara huɗu kilo 16. Akwai kuma tef ɗin Broselow da ke ƙiyasta nauyi daga tsawo. Sai dai duka biyun da yaran Turai da Amurka aka tsara su, kuma yaro mai tamowa ya kan gaza abin da suka nuna nesa ba kusa ba. Ki auna damtsensa. A yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, idan bai kai santimita 11.5 ba tamowa ce mai tsanani, kada a sakar masa ƙarin ruwa da gudu, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Malama, tunda kina koyo, ki riƙe na Adrenaline tun yanzu. Idan jikin yaro ya ƙi wani magani ko cizon ƙwaro, ya kumbura numfashi na sarƙewa, ana ba shi wanda aka rubuta 1:1,000 a kwalbarsa a tsokar cinya, mil 0.01 a kowane kilo. Mai kilo 12 mil 0.12, kuma sai da sirinji mai mil ɗaya ake iya jan wannan. Mai 1:10,000 na jijiya ne idan zuciya ta tsaya, mil 0.1 a kowane kilo. Musanya su kuskure ne na ninki goma. Haka ɗigon lissafi: ki rubuta 0.5, kada ki rubuta .5, ki rubuta 5 ba 5.0 ba, don ɗigon biro ya kan ɓace a takarda. Kafin ki tura, ki faɗi nauyin da miligiram da mil da ƙarfi, abokiyar aikinki ta yi nata lissafin daban ku gwada.