Amsa ga mai tambaya kan koya wa gad zamewa daga layi a lokacin hutu, a ƙwallon ƙafa irin na Amurka

Koci, sannu da fama. Ka ce gad ɗinka biyu, wato 'yan layin gaba da ke tsayawa dama da hagun na tsakiya, ƙarfafa ne, amma da an ce su zame daga layi su bi ta bayan 'yan'uwansu su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, sai su iso an tashi daga kasuwa. Kana neman atisayen da za ku yi kafin kakar wasa ta dawo. Na daɗe ina taya wata sakandare horar da 'yan layin gaba a nan Amurka, kuma abin da na gani shi ne, a takun farko yaro yake makara, ba a wurin karo ba.

Fara da tsugunno. Na taɓa samun yaro wanda in zai zame sai ya mayar da nauyinsa kan dunduniya, yatsunsa da ƙyar suke taɓa ciyawa. Lainbakan abokan hamayya, wato mai tsaron da ke tsaye bayan layinsu, yana ganin haka sai ya hau ihu yana nuna shi, tun senta, ɗan tsakiyar layi mai fara wasa, bai saki ƙwallo ba. Ranar mun sha kashi. Tun daga nan nake zagayawa ina zare musu hannu daga ƙasa ba zato, don in ga inda nauyinsu yake. Ko gaba zai yi ko zamewa, dole tsugunnonsa ya zama iri ɗaya.

Sai taku, kuma ba ya buƙatar kwalkwali ko sulke, shi ya sa hutu ne lokacinsa. Iri biyu nake koyarwa. In zai je ya ture mai tsaron gefe waje ne, ya wurga gwiwar hannu baya da ƙarfi, ya buɗe ƙugu, yatsan ƙafa na kallon gefen fili. In kuwa zai kutsa cikin kafar da aka buɗe a layi ne ya nemi lainbaka, ya ɗan yi tsalle baya kafaɗunsa na fuskantar gaba, idonsa a kan mutuminsa. A tafiye muke farawa, sau goma dama, sau goma hagu, har su gundura. Da gudu sai mako na biyu.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ba ta cin ko sisi: jera buhu huɗu a matsayin 'yan layi, ka shimfiɗa igiya kamar yadi ɗaya da rabi a bayansu. Wanda ya taka igiya ya yi nisa, ya sake. Manyan yara suna son yin kwana mai faɗi kamar tirela, a nan daƙiƙa take salwanta. Don juyawa su nufi gaba kuma, naɗe tiyon ruwa ya zama da'ira, su zagaye shi suna karkatar da kafaɗar ciki.

Daga baya ka tsaya da buhu a ƙarshen layi. Wani lokaci ka afko gaba ya ture ka waje, wani lokaci ka matse ciki ya zagaye ka ya rufe ka. Kada ka gaya masa wanne za ka yi.

Ka nemo musu tsofaffin bidiyon ƙungiyar Green Bay Packers na shekarun 1960, zamanin koci Vince Lombardi, su kalli ƙafafun gad ɗinta biyu, Jerry Kramer da Fuzzy Thurston, kawai. Kuma ka sa senta da kwatabak, mai karɓar ƙwallo daga hannun senta, a atisayen tun da wuri, don na ga gad ya take ƙafar kwatabak ɗinsa sun zube tare.