Amsa ga mai tambaya kan lamba 19 da ƙirgen kalmomin Alƙur'ani

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, ka ce an turo maka bidiyo mai cewa an gina Alƙur'ani a kan lamba 19, kalmar "yaum" (rana) ta zo sau 365, "shahr" (wata) sau 12, kana tambaya ko wannan hujja ce da za ka kai wa abokin aikinka Kirista don ya gane littafin daga Allah yake. Ni dai shawarata kada ka kai masa. Ka yi haƙuri, bayanin zai ɗan ja.

A makarantar allo na tashi a cikin Birni kafin a sa ni lakwal, yanzu kuma lissafi nake koyarwa, don haka maganar ta shafe ni ta kowane ɓangare.

Ƙirgen kalmomin Alƙur'ani ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Wanda ya taɓa zama wurin darasu ya san harji. Alaramma zai dubi allon gardi ya ce kalma kaza da wasali kaza sau nawa ta zo, a wace sura da wace sura, ba tare da ya buɗe takarda ba. Ka duba Alƙur'anin hannu na kakanninmu, za ka ga ƴan alamomi a gefen shafi, ga kumsa bayan aya biyar, ga kuri bayan goma, ga izu sittin an raba kowanne zuwa sumuni takwas. Duk ƙirge ne. Amfaninsa shi ne mai rubutu da ka kada ya zame daga wannan aya ya faɗa mai kama da ita, kada harafi ya ƙaru ko ya ragu. Ban taɓa jin wani gwani ya ce adadin nan shi ne shaidar wahayi ba. Sun riga sun yi imani da littafin, shi ya sa suka ƙone idonsu wajen ƙirga shi.

Kuma akwai lambobin da Alƙur'ani ya faɗa da kansa: sammai bakwai, watanni goma sha biyu a Tauba, idon ruwa goma sha biyu ga mutanen Annabi Musa, darare talatin da aka cika da goma suka zama arba'in. As'habul Kahfi sun yi shekara 300 da ƙarin 9, Ibn Kasir ya lura cewa shekara 300 ta rana ita ce 309 ta wata. An ruwaito Ibn Abbas ya nuna wa Sayyadina Umar yawan bakwai a halitta da ibada, ɗawafi bakwai, jifa bakwai, ya rinjayar da cewa Lailatul Ƙadri tana cikin bakwai ɗin ƙarshe. Irin wannan tunani ne mai kyau, yana da daɗin ji a wurin tafsiri. Sai dai ka lura, lambobi ne da ke bayyane a cikin nassi, ba wanda ya haƙa ya ciro su.

Sha tara ma tana nan a Suratul Muddassir, aya ta 30: "alaiha tis'ata ashar". Ayar da ke biye ta yi bayani, masu tsaron wuta ne, mala'iku ne, kuma an sanya adadinsu jarrabawa ga kafirai da ƙarin imani ga muminai. Haka malamai suka fassara ta shekara da shekaru. Wanda ya mai da ita mabuɗin lissafi wani Bamisire ne mai suna Rashad Khalifa, masanin kimiyyar sinadarai da ya zauna a Amurka, wanda ya zuba Alƙur'ani a kwamfuta ya fito da maganar a 1974. Wasu abubuwan da ya nuna gaskiya ne, kowa zai iya ƙirgawa. Bisimilla harafi 19 ce a rasmu, wato yadda aka rubuta ta a Alƙur'ani. Surori 114 ne, wato 19 sau 6. Tauba ba ta da Bisimilla, Namli tana da biyu, daga Tauba zuwa Namli kuma sura 19. Amma da ya ci gaba, sai ƙirgen sunan Allah da na "Rahim" suka ƙi rabuwa da 19. Maimakon ya ce lissafinsa ne ya gaza, sai ya ce ayoyi biyu na ƙarshen Tauba ba Alƙur'ani ba ne. "Laƙad ja'akum" fa, wadda tsofaffinmu ke karantawa safe da yamma. Tela ne ya ɗinka riga ta yi kaɗan, ya ce a sassaƙe kafaɗar mai riga. Ya yi watsi da hadisi, daga baya ya ce shi manzo ne, aka kashe shi a masallacinsa a garin Tucson a watan Janairun 1990. Masu tura bidiyon ba sa kawo wannan ƙarshen, mafi yawansu ma ba su san shi ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don mu ya shafa kai tsaye. Kusan duk lissafin da ke yawo an yi shi ne da bugun Hafsu da ƙirgen Kufa, aya 6236. Mu nan Warshu muka gada, ƙirgen Madina, aya 6214. Ba wani abu aka cire ba, wurin tsayawar ƙirge ne ya bambanta. Baƙara 286 ce a can, 285 ce a wurinmu. Tauba 129 a can, 130 a nan. A ƙirgenmu Bisimilla ba aya ba ce a Fatiha, "alif lam mim" ma ba a ƙirga ta aya ita kaɗai. To wanda ya ce maka "ummatan wasaɗan", wato al'umma matsakaiciya, ta faɗo aya ta 143, tsakiyar Baƙara daidai, buɗe naka ka gani, 142 za ka tarar. Har a haruffa akwai bambancin ruwaya: a Ali Imrana Hafsu na karanta "wa sari'u", mu "sari'u" ba wawu, a Hadid yana da "huwal ganiyyu", mu ba "huwa". Dukansu mutawatirai ne, daga bakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suka zo.

Na ga inda wannan ke kaiwa. Wani ɗalibina mai hazaƙa ya taɓa tare ni bayan an tashi, ransa a ɓace, ya ce ya gwada wani lissafin mu'ujiza da Alƙur'anin mahaifinsa bai fito ba, shin na gidansu ne ke da gyara? Yaro ya fara shakkar Warshu saboda wani mutum a intanet da bai san akwai Warshu ba. Sai da na zaunar da shi muka jera bugu biyu muna bi aya aya kafin hankalinsa ya kwanta.

Hisabin haruffa, inda ake ba kowane harafi ƙimar lamba, ma haka. Ka san 786 da wasu ke rubutawa a madadin Bisimilla. Wannan lissafin Gabas ne, inda sinun 60 ne. A lissafin Magariba, wanda malamanmu suka gada, wanda Shehu Usmanu da Nana Asma'u suke rufe waƙoƙinsu da ramzinsa, wato rubuta shekara da haruffa, sinun 300 ne, shinun kuma 1000. In ka bi wannan, Bisimilla 1026 ce. Ɗauki wayarka ka raba 1026 da 19, za ka samu 54 cif. Ka ga da ni mai neman suna ne, gobe da safe sai ka ji an ce an gano sabuwar mu'ujiza a Zinder. Alhali ba komai ba ne. A kowace lamba goma sha tara da ka jera, ɗaya dole ta rabu da 19. Mai nema yana da surori, ayoyi, kalmomi, haruffa, ƙimar haruffa, yana iya tarawa, ya ninka, ya jera lambobi gefe da gefe, ya sa Bisimilla ko ya cire. In ya gwada dubu, wajen hamsin za su faɗa masa, su zai nuna maka, sauran ya share. Nakan ba ƴan ajina shafi guda na littafin karatunsu in ce su nemo mini bakwai a ciki. Kafin a buga ƙararrawa kowa ya zo da abin mamakinsa.

Batun "yaum" 365 kuwa, sai an ajiye "yauma'izin" da "yaumukum" da "yaumuhum" da "ayyam" a gefe sannan adadin ke fitowa. A wata kalmar kuma sai a haɗa da irin waɗannan don ta yi daidai da kishiyarta. Ƙa'idar na canzawa gwargwadon amsar da ake so. Ga shi kuma shekarar da Alƙur'ani ya ɗora azumi da hajji a kanta ta wata ce, kwana 354.

Sannan ka sani abokin naka ba zai rasa nasa ba. Wani Barashe mai suna Ivan Panin, wanda ya rasu a 1942, ya ƙarar da shekaru masu yawa yana fito da bakwai-bakwai daga Baibul, yana cewa ita ce hatimin Allah. Ayar farko ta littafin Farawa kalma 7 ce a Ibrananci, harafi 28, wannan kuwa gaskiya ne. Linjilar Matiyu ta jera zuriya 14 sau uku, sunan Dauda kuma 14 ne a hisabin Ibrananci. A 1997 aka yi ta hayaniya kan wani littafi mai cewa an ɓoye labarin kisan shugabanni a haruffan Attaura, sai wani masanin lissafi ɗan Ostireliya, Brendan McKay, ya bi hanyar ya ciro irin wannan daga wani tsohon littafin hikaya na Turanci kan farautar kifi. Ƴan Baha'iyya su ma 19 suke girmamawa, shekararsu wata 19 ce mai kwana 19. In ka kafa masa ƙa'idar cewa dacewar lambobi shaidar wahayi ce, da wane baki za ka ƙi tasa? Tun zamanin Madina ma an ruwaito Huyayyu ɗan Akhɗab, wani shugaban Yahudawa, ya lissafa "alif lam mim" ya samu 71, ya ce iyakar shekarun wannan al'umma ke nan. Ibn Kasir ya raunana ruwayar, ya kuma ƙi wannan hanya gaba ɗaya.

Ban ce ka ƙi jin daɗin abin da ka ƙirga da kanka ka tarar daidai ba. Ka ce subhanallah, ka wuce. In an sake turo maka irinsa, ka tambayi mai turowa da wace ruwaya aka ƙirga, da wane ƙirgen ayoyi, kuma shi ya ƙirga ko ji ya yi. Galibi daga nan shiru za ka ji.

Alƙur'ani da ya ƙalubalanci Larabawa, cewa ya yi su kawo sura goma irinsa, a Hudu, sannan sura guda, a Yunusa da Baƙara. Magana da ma'ana da shiriya ya sa a gaba. Shi abokin naka, in kuna da fahimtar juna, ka samo masa Suratu Maryam da fassarar Faransanci ko Hausa, wadda ya fi ji, ka bar shi ya karanta a natse. Ita Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi sarkin Habasha da malaman cocinsa. In ya dawo da tambayar da ta fi ƙarfinka, kada ka yi kame-kame, ka ce masa za ka tambayo, ka kawo ta nan, akwai malamai a cikinmu da suka fi ni sani. Wallahu a'alam.