Ina Ruwan Zai Bi? Amsoshin Tambayoyinku Kafin Damina Ta Kankama

Wani Alhaji daga Unguwar Rogo a Jos ya rubuto cewa tsakar gidansa kan zama taɓo duk damina, ruwa har yana lasar dokin ƙofa. Birkila ya ce a yi daben siminti, ɗansa ya ce intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa suna sarƙe da juna. Wanne zai saya?

Alhaji, kafin ka sayi ko buhu ɗaya na siminti, a auna gangaren gidan. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. In filin gidanka da rufinsa sun kai murabba'in mita 300, aka yi ruwan milimita 40 da yamma ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Jos cikin Yuli da Agusta, lita 12,000 ke nan suna neman hanya. Ƙasa mai ciyawa tana shanye mafi yawansu. Daben siminti kuwa kusan kashi 90 cikin 100 yake korowa, kuma a guje. In bai sami mafita ba, ɗakinka zai nufa ko na maƙwabci.

Mu dai intalok muka fi so, da sharaɗi. Masu shimfiɗa shi sun saba sa leda a ƙarƙashi don hana ciyawa fitowa. Ledar nan ita ke hana ruwa nutsewa, sai ya kwanta a cikin yashi, tubalan su riƙa rawa in an taka. Ka hana a sa ta. A daddale ƙasa sosai, a zuba tsakuwa a sake daddalewa, sannan yashi mai kaushi kaurin santimita 3 zuwa 5. Tubali mai kaurin santimita 6 ya isa ƙaramar mota, inda tankar ruwa za ta shigo a sa mai 8. A ɗaure gefuna da kankare, in ba haka ba ruwa zai yi ta satar yashin har layin bakin ya buɗe. Kada kuma a ruɗe ka cewa intalok zai shanye komai: ƙurar hunturu tana toshe tsakanin tubalan bayan 'yan shekaru.

Shi ya sa gangare ya fi kayan muhimmanci. Daga jikin bango, daɓen ya sauka santimita 2 a kowace mita, ya nufi kwata, kuma ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu da aƙalla santimita 15. A auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ba da ido ba. Mafitar da ke gindin katanga ta zama bututu mai inci 6, da raga a bakinsa saboda leda da ganye. Katangu da yawa da ke faɗuwa cikin damina ba ƙarancin siminti ya kayar da su ba, ruwa ne ya taru a bayansu ya rasa ƙofa. Ka kuma bar wani ɓangare ba daɓe, ko gindin bishiya ne.

Wata Hajiya daga Bukuru tana son tara ruwan rufi, ta tambayi girman tankin da ya dace da rufin kwano mai murabba'in mita 150.

Hajiya, Jos na samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, wato rufinki na karɓar wajen lita 210,000. Babu tankin gida da zai riƙe wannan. Tankin lita 2,000 zai cika da ruwan milimita 15 kacal, don haka ki saya daidai amfanin gidan na mako ɗaya ko biyu, ki sa hankalinki kan inda rarar za ta bi. Bututun rara kada ya gaza wanda ke shigar da ruwa faɗi. Indararo a ba shi ɗan gangare zuwa bututun sauka, a sa masu inci 4 guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Ruwan farko yana wanko ƙura da kashin tsuntsaye. A karkatar da lita 70 zuwa 100 na farko kafin ya shiga tanki. Cikakken tankin nan nauyinsa tan 2 ne, sai a kan dandamalin kankare.

Rarar kada a kuskura a haɗa ta da sokawen ban ɗaki, zai cika ya yi amai. In za a yi mata ramin tsakuwa na daban, ya yi nisan mita 5 daga harsashin gini, a kuma gwada tukuna: a haƙa rami zurfin mita ɗaya, a cika shi da ruwa, in washegari yana nan kwance a haƙura a kai shi kwata. A wurare da yawa a Jos dutse na kusa da sama, ramin ba ya sha.

Sai wani matashi da aka yi wa tayin fuloti mai araha a bakin rafi wajen Rikkos, dillali na cewa ciko kawai yake bukata.

Malam, araha ba ta ado. A Yulin 2012 ambaliya ta ci rayuka da gidaje masu yawa a Rikkos da Gangare, kuma tun lokacin gine-gine da daɓe sun ƙaru a saman gari, ruwan da ke gangarowa rafin Dilimi ya fi zuwa da sauri. Ciko ba ya rage ruwan, tura shi yake gidan wani, ko ya ci gindin cikon. Ka je wurin cikin Agusta ana tsaka da ruwa. Dubi zanen laka a katangun maƙwabta da ledojin da suka maƙale a rassan bishiya, su ne shaidar inda ruwa ke kaiwa. Sannan ka kai taswirar filin hukumar raya birnin Jos, JMDB, a tabbatar maka ba ya cikin hanyar ruwa kafin ka ba da kafin alƙalami.