Amsa kan haruffa masu kauri da karkata na rigunan ƙwallo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko haruffan nan masu kauri, masu faffaɗar ƙafa, waɗanda suka ɗan karkata dama, za su dace da tambari da jesin ƙungiyar unguwarku. Na daɗe ina aikin zane da buga riguna, kuma amsata ita ce za su dace, muddin kalmomin kaɗan ne kuma an buga su manya.

Sunan wannan dangin haruffa slab serif. A Landan aka fara sayar da su, inda wani maƙerin haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fitar da nasa a 1815 domin masu buga takardun talla da ake mannawa a bango, waɗanda ke son rubutun da mai wucewa zai karanta daga nesa. Daga baya salon haruffan Clarendon ya fito a 1845, Rockwell kuma a 1934, sannan jami'o'in Amurka suka yawaita sa irin wannan rubutu a ƙirjin rigunan 'yan wasansu har ido ya saba danganta shi da filin wasa. Kaurin yana nuna ƙarfi, karkatar kuma tana sa kalmar ta yi kamar tana gudu.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen karkatar. Idan ka ɗauki harafin da aka zana a tsaye ka tanƙwara shi da kanka a manhajar zane ta CorelDRAW, za ka ga O da S sun kumbura ta gefe guda sun rame ta ɗaya gefen, abin da ba ka lura da shi a fuskar kwamfuta sai an buga shi a ƙyallen talla mai faɗin mita uku. Ka nemi wanda mai zanensa ya yi masa karkatacce tun asali. Rockwell yana da shi, haka Arvo da Zilla Slab da ake samu kyauta a shafin intanet na Google Fonts, amma Roboto Slab, duk da kyansa, ba shi da shi.

Kafin ka yanke shawara, ka rubuta Ɓ, Ɗ da Ƙ ka gani, domin da yawa daga cikin waɗannan haruffa ba a zana musu masu lanƙwasa ba. Ni kaina na taɓa buga riguna ashirin da kalmar Ƙungiya a gabansu, ashe kwamfuta ta aro Ƙ siririya daga wani salon dabam ta dasa a gaban haruffa masu kauri, ban ankara ba sai da mai aikin ya ɗaga riga ɗaya ya nuna mini da yatsa. Daga aljihuna na sake su. Yanzu idan babu harafin, K nake ɗauka in zana mata lanƙwasar da hannu daidai kaurin sauran.

Lambar baya kuwa, shawarata ka bar ta a tsaye, saboda alƙalin wasa yana buƙatar bambance 6 da 8 alhali ɗan wasa yana gudu kuma rigar ta jiƙe da gumi. Ka kuma ƙara tazara tsakanin haruffan sunan, domin ƙafafunsu masu faɗi suna manne wa juna idan an matse su, musamman bayan an danna roba da injin zafi.