Tambayoyinku Kan Mota: Bustar Birki Ga Motar Tsere Mai Turbo

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Ni makanike ne a Dalas, jihar Teksas ta Amurka. Na haɗa wata tsohuwar Mustang, na sa mata turbo da babban kamshaf, ina kai ta tseren miƙe, wato gudun ɗan gajeren zango a miƙaƙƙiyar hanya, a filin Texas Motorplex da ke Ennis. Idan na gama ƙona tayoyi na matso layin tashi, na danne birki ina ba ta wuta don turbo ya cika, sai feda ta ƙage, motar ta fara silalewa gaba. Wani ya ce in sa famfon zuƙa na lantarki, wani ya ce Hydro-Boost, wani ya ce iBooster, wani kuma ya ce in cire bustar baki ɗaya. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Mutum huɗu sun ba ka amsa huɗu, amma ban ji wanda ya tambaye ka nawa injinka ke zuƙa ba.

Busta, baƙar tukunyar nan da ke bayan mastar birki, ba ta da ƙarfin kanta. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta ɗaki biyu. Inji ne ke zuƙe iskar ciki ta tiyon da ya fito daga manifol, bututun da ke raba wa inji iskar da yake shaƙa. Da ka taka feda sai iskar waje ta faɗa ɗaki ɗaya, ta tura faifan, ta taya ƙafarka aiki. Injin fetur kuwa yana zuƙa sosai ne idan totur na rufe. Shi turbo aikinsa ɗura iska, don haka da zarar ya cika, manifol ya bar zuƙa ya koma hurawa. Abin da ke tare wannan iska kada ta shiga busta shi ne ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyo, mai barin iska ta fita amma ba ta dawo. Ajiyar da yake riƙewa ba ta wuce taku biyu zuwa uku ba. To kai ka taka wurin ƙona taya, ka taka kana matsowa, ka ƙara takawa kana neman fitilar layi. Ka cinye ajiyar, sannan ka buɗe totur ka hana inji ya sake tarawa. Ga babban kamshaf, wanda tun a silo yake rage zuƙa. Ina feda za ta yi laushi?

A ƙarshen fili abin da sauƙi, domin da ka saki totur zuƙa za ta dawo da ƙarfinta, sai fa in injin ya mutu.

Abin da za ka fara yi bai kai kuɗin cika tanki ba. Ɗaura agogon auna zuƙa a manifol, mota tana silo, inji da zafi. Injin da ba a taɓa ba yakan nuna inci 17 zuwa 21. Busta tana son wajen 16 zuwa 18. In ka ga allura ta tsaya a 10 ko 12, ka san inda gizo ke saƙa. Sannan ka zare ɗan bawul ɗin ka hura da baki ta kowane ɓangare: ta ɗaya kaɗai ya kamata iska ta wuce. Bawul ɗin da aka ƙera don injin da ba turbo, kuma ya tsufa, ba lallai ya jure abin da kake ɗura masa ba. Ka ɗaure tiyon da kilif na ƙarfe, kada iska ta fizge shi.

Yanzu ga zaɓinka. In motar tana hawa titi wani lokaci, kana zuwa aiki ko kai yara da ita, bar bustarka, ka ƙara mata famfon zuƙa na lantarki da ɗan tankin ajiya da makunnin da ke tayar da famfon idan zuƙa ta yi ƙasa. Irin su Hella UP28 da UP30 sun daɗe a motocin Turai masu turbo, kuma ba wuyar samu a inda kake. Wannan ne mafi arha, kuma shi ne mafi ƙarancin ɓarna ga motar.

Hydro-Boost ba ruwansa da iska, da man famfon sitiyari yake aiki, shi ya sa ake sa shi a manyan motocin dizal, har wasu Mustang masu injin lita 4.6 sun fito da shi. Yana da ƙarfi, ban musa ba. Amma yawancin masu tseren miƙe cire famfon sitiyari suke yi don rage nauyi, kuma rayuwarsa duka a kan bel ɗaya take. Bel ya fita a ƙarshen fili, ka rasa laushin sitiyari, birki kuma ya rage maka 'yan takun da ke ajiye. Ni ban ba ka shawararsa ba.

iBooster na kamfanin Bosch, wanda ke cikin Tesla da wasu Honda, da moton lantarki yake tura masta, bai damu da ko turbo ya cika ko bai cika ba. Abu ne mai kyau a hannun wanda ya iya waya. Sai dai kusan duk wanda za ka samu na gwanjo ne daga motar da ta yi haɗari, kuma in batir ya yi sanyi ko aka kashe babban makunnin wuta, taimakonsa ya tafi.

In kuwa motar a tirela take zuwa fili ta koma a tirela, to na huɗun ya fi su gaskiya: cire bustar. Ka rage nauyi, ka sami wuri kusa da bututun turbo mai zafi, kuma takun farko da na goma duk ɗaya ne. Amma ba cirewa kawai ake yi ba. Fedar da aka yi don busta tana ninka ƙarfin ƙafa wajen sau 4, wadda ba busta tana son wajen sau 6, don haka dole a matsar da ramin sandar turi, wadda ke haɗa feda da masta, sama kusa da inda feda ke rataye, ko a sayi wata fedar. Masta ma sai mai ƙaramin baki. Duba lissafin: ka taka da nauyin fam 100, wato kilo 45. Da feda mai ninki 4 da masta mai faɗin inci 1, matsin da zai je tayoyi bai wuce psi 510 ba (psi ma'aunin matsi ne). Da ninki 6 da masta mai bakwai bisa takwas na inci, sai ya kai kusan 1,000. Ƙafa ɗaya ce, amma aiki ya ninka. Ka tambayi waɗanda suka ƙera kalifofinka, wato abin da ke matse faifan birki a taya, su Wilwood ne ko Strange, girman mastar da ta dace da su, kada ka yi kintace. Kuma ka tabbatar sandar turi tana da abin riƙe ta. In feda ta dawo da yawa sandar ta faɗo, sai ka taka ka ji ƙafarka a ƙasa.

Abu biyu na ƙarshe. Riƙe mota a layi alhali turbo na cike, in giyarka otomatik ce, aikin birkin cikin giya ne da ake kira transbrake, ba a ɗora wa ƙafa shi. Kuma dokar NHRA, hukumar tseren miƙe ta Amurka, ta ce motar da ta kai mil 150 a awa, wajen kilomita 240, sai da lemar tsayawa a bayanta. Mutanen nan ba sa wasa da tsayawa. Bayan rasuwar direban tsere Scott Kalitta a haɗari a filin Englishtown da ke jihar New Jersey a 2008 suka rage tseren manyan motocinsu daga rubu'in mil zuwa ƙafa 1,000, don a ƙara wurin cin birki.

Tambaya: Oga, na ga 'yan tsere a intanet suna cire busta. In na cire ta Camry ɗina za ta ƙara gudu? Muna ɗan gwadawa da abokai ranar biki. (Wani matashi daga Kano)

Amsa: Ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba. Abin da zai ƙaru shi ne nisan da za ka ci kafin ka tsaya. Waɗanda ka gani suna da fili mai katanga, da motar asibiti a gefe, da hular kwano a kai. Kai kana da titi mai 'yan adaidaita sahu da almajirai da mata masu goyo. Motar ma ina zaton ta Alhaji ce. Bar masa bustarsa.

Tambaya: Malam, ina cikin damuwa. Motata 'yar Beljiyam ce mai ƙaramin turbo. Kwana biyun nan da safe birki yana tauri a takun farko, ina kuma jin wani huci a ƙasan sitiyari. Da ita nake kai yara makaranta. Makanikena ya ce sai an canza busta gaba ɗaya, kuɗin kuma ya fi ƙarfina a watan nan. (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika lura da wuri. Amma yaran su hau wata motar har a duba wannan. Ga gwajin da za ki iya yi a ƙofar gida. Mota a kashe, ki tattaka birki har ya yi tauri, ki riƙe shi a danne, ki tayar da inji. In feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarki, busta tana aiki. Ki bar injin ya yi minti ɗaya, ki kashe, ki jira kaɗan, ki taka: ya kamata ki sami taku biyu masu laushi. In nan take ta ƙage, iska na shiga ta wani wuri. Sau da yawa tiyo ne ya tsage ko ɗan bawul ya mutu, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na busta ba. Wasu motoci masu turbo suna da ɗan famfon zuƙa nasu, shi ma a duba shi. Gaskiya hucin da kike ji daga ciki yana iya zama bustar ce da kanta, makanikenki bai zama lallai ya yi ƙarya ba. Ki dai ce ya gwada tiyo da bawul a gabanki kafin a je Panteka. In ta tabbata ita ce, ki jira albashi motar na ajiye. Allah ya rufa asiri.

Tambaya: Ni direban Hiyas ne mai dizal. Me ya sa tawa take da turbo amma birki bai taɓa yin wannan matsalar ba?

Amsa: Domin injin dizal dama ba ya zuƙa a manifol, sai aka yi masa famfo na musamman. A tsofaffin yana maƙale a bayan altaneta. Ka riƙa duba tiyon man da ke shayar da shi.

Tambaya: Baba, man birki duk ba ɗaya ba ne? Na ga wani a bakin tasha rabin kuɗin na shago.

Amsa: To, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da ni.

Mutum zai zuba miliyoyi a inji, ya sa rim mai sheƙi, ya sa sifika har gilashi na rawa, amma da an zo kan man birki sai ya tuna tattali. Ba a tashar mota kaɗai ba, har a cikin masu tseren da suka san komai. Man birki aikinsa ya ɗauki zafi ba tare da ya tafasa ba. Sabon DOT 3 dole ya jure digiri 205 a ma'aunin Selsiyas, DOT 4 ya jure 230, DOT 5.1 ya jure 260. Mai ne kuma mai shan damshin iska. Idan ya sha ruwa, DOT 3 yana iya tafasa tun a 140. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai feda ta tafi ƙasa ba tare da ta kama komai ba. A nan ko bustar zinariya gare ka ba ta da amfani, domin ita turawa kawai ta sani, ba ta san abin da take turawa ba.

Wannan fa man gaskiya ke nan da ya tsufa. Ina ga na jabu, wanda ba wanda ya san me aka dama aka ɗura a tsohuwar roba? Da safe cikin gari zai kama lafiya lau, shi ya sa ake yarda da shi. Ranar da za ka san halinsa ita ce ranar da ka ɗauko lodi kana gangaren Hawan Kibo, birki ya yi zafi, fasinja goma sha takwas a bayanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Har yanzu akwai masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare, su ce don su lallaɓa zuwa gari. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin masta da tsatsa. Akwai masu ƙara man giya ko baƙin mai. Wannan kumbura robobin ciki yake yi, sai an canza su duka, har da tiyoyin tayoyi. Wasu kuma su ga DOT 5 su ɗauka ƙanin 5.1 ne. Ba danginsa ba ne, na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Ka sayi mai a wurin wanda yake da shago da suna, wanda gobe za ka dawo ka same shi. Ka duba murfi da takardar da ke liƙe a bakin roba, in an taɓa ɓallewa ka ajiye masa abinsa. Ka sayi ƙaramar roba da za ka ƙarar, domin ragowar da ta kwana wata shida a but ta riga ta sha iska. A zubar da tsohon mai a sa sabo duk shekara biyu, ko motar ba ta nuna komai ba. Mai tsere kuwa duk kakar tsere, musamman in bututun turbo ya ratsa kusa da masta, nan ma sai ya sa abin tare zafi.

Haka batun yake ga bawul da tiyo. Na sha ganin an yanko tiyon ruwa ko na fetur mai laushi an sa a busta. Inji na zuƙa sai ya lanƙwashe ya toshe kansa, a zo ana zargin busta, a sayi wata, matsala na nan. Tiyon busta mai kauri ne, da ƙyar yake matsuwa tsakanin yatsu. Bustar Beljiyam kuma, ko a Kofar Ruwa ko a Ladipo, kada ka biya sai ka leƙa ramin da masta ke zama. In ka ga jiƙon mai a ciki, tsohuwar mastar ta yi yoyo a kan faifan roba, kwananta ya kusa ƙarewa. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka ƙirga kuɗi: za a ɗaura a gwada, in ba ta riƙe iska ba a dawo masa da ita a ranar.